Ƙuri'ar Daddawa

Ranar da na gaya wa mahaifiyata a waya cewa mun samu gida a Matar Ƙadim, sai ta ce, "Matar wa?" Na ce unguwa ce, Inna, sunan da Larabci yake, tsohon filin jirgi ke nan. Ta ce Allah ya sa mutuniyar kirki ce. Har muka baro Doha ba ta daina aiko wa matar Ƙadim gaisuwa ba, ni kuma ban taɓa fasa ce mata tana amsawa ba.

In gaskiya za a bi, unguwar tana da uwar ɗaki, wato Hajiya. Ta girme mu duka, kuma ba ta bari mu manta. Mijinta Alhaji yana cikin mutanenmu na farko da suka zo aikin iskar gas. 'Ya'yansu a nan suka tashi, suka watse, wannan karatu, waccan aure, gida ya rage daga ita sai shi. Shi kuwa in ya fita da sassafe sai magariba, in ya dawo sai labaran talabijin har barci ya ɗauke shi a kujera. Hajiya ba ta tuƙi, ba ta aiki, Larabcinta bai wuce yalla da khalas ba. Abin da take da shi shi ne ɗakin yaran, wanda ta fitar da gadajen ta cika shi da kayan miya na gida: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, yaji, man shanu. Duk hutun da suka je, Alhaji kan dawo da kayan jikinsa da 'yar jakar hannu, sauran akwatunan duk nata ne.

A shekarun farko cinikin bai dami kowa ba, domin ba ita kaɗai ce hanya ba. Duk wanda ya tafi Umara a mota sai ya biya shagunan Hausawan Makka ya ciko but ɗin motar, ya dawo ya rarraba wa 'yan'uwa. Sai cikin azumin 2017 muka wayi gari an rufe iyakar ƙasa da Saudiyya. Duniya tana maganar ƙarancin madara da hana jiragen sama hanya, mu a falukanmu muna leƙa ƙasan gwangwanin kuka. Kafin babbar salla abin kowa ya ƙare. Duk Doha, daga Thumama har Bin Omran, mutum ɗaya ce ta rage da daddawa.

Yanzu mai karatu zai ce sai ta tsauwala kuɗi. Wallahi ko riyal ɗaya ba ta ƙara ba. Zama ta ƙara.

Da ma can ba a sayen kayan Hajiya a tsaye. Sai kin tuɓe takalmi, kin zauna, an gaisa tun daga kan maigida har kan ciwon ƙafar kakarki da ke Zariya. Amma da ta ga kasuwa ta dawo hannunta ita kaɗai, sai abin ya zama ƙa'ida. Ba ta sayar wa direba, ba ta amsa saƙon waya, kuma ba ta ba ki abin da zai wuce miki mako. Ki ce, "Hajiya, a ba ni na wata guda mana, aiki ya yi mini yawa." Sai ta ƙulla miki ɗan mitsitsi a leda ta ce, "Daddawa ba ta son ajiya, 'yar nan." Ita da ta ajiye ta ɗaki guda! Ni da nake aiki a ɗakin magani na asibiti, ina tashi ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai in je in zauna tun la'asar har kiran magariba saboda abin da bai cika tafin hannu ba. Na sha fitowa daga gidan nan ina ƙunƙuni har gida.

Sai dai ni maƙwabciyarta ce, gida biyu ne tsakaninmu, saboda haka na ga abin da wasu ba su gani ba. Na sha ganinta ta taga tun azahar tana gyara labule tana duban titi. Kuɗin daddawa ba su ne ke ciyar da ita ba, albashin Alhaji ya ishe su har su yi kyauta. Cinikin nan shi ne kaɗai abin da ke kawo ƙafa gidan. Duk ranar da aka raba ta da kayan, an raba ta da mutane, kuma ta san haka fiye da kowa.

Wadda ta ja rigimar ita ce matar Dakta. Dakta shi ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Doha, babban likita, mutum mai son tsari, wanda ko taron suna ya je sai ya tambayi wa ke riƙe da ajanda. Gidansa a Thumama yake, ƙaton gida mai majalisar baƙi, a nan ake duk wani taro, shi ya sa muke kiran gidan Abuja. Matar tasa ta ga ita ba za ta iya zaman layi ba, ta aiki direba da kuɗi a ambulan. Hajiya ta ba direban ruwan sanyi da dabino, ta mayar masa da ambulan ɗinsa, ta ce, "Ka ce ina gaishe ta, kuma gidan yana nan inda ta san shi." A daren nan Abuja ta ci miyar tumatir.

Ba a yi mako biyu ba aka kira taron gaggawa. A lokacin can gida ana ta cacar baki a kan sake fasalin ƙasa, wa zai riƙe me tsakanin tarayya da jihohi, kuma mazanmu sun sha wannan muhawara a waya har ta fara fito musu ta hanci. Da suka samu abin gwadawa a kusa, sai suka faɗa masa. Ƙungiyar tana da rassa uku, Matar Ƙadim da Thumama da Bin Omran, kowane da yadda yake tafiyar da harkarsa. Dakta ya tashi ya ce zamanin kowa tasa ta fisshe shi ya wuce. Dole uwar ƙungiya ta samu iko a kan duk kayan gida da ke shigowa da masu yawo tsakanin rassa: wanda zai je hutu ya ba ƙungiya wani ɓangare na akwatinsa, a tara kayan a rumbu ɗaya, a raba da adalci. Sannan duk wata haja da ta zama mutum ɗaya ne ya yi babakere a kanta, ƙungiya ta biya shi ta karɓe. Bai ambaci sunan kowa ba. Bai kuma buƙaci ya ambata ba.

Tsarin mulkin ƙungiya, wanda wani ya kwafo daga wani wuri tun ba mu zo ba, ya ce ba a ƙara wa uwar ƙungiya iko sai da ƙuri'ar raba gardama, kuma sai an samu rinjayen jama'a da na rassa gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa karanta wannan sashe sai maigidana, domin shi ne sakatare. Ya dawo gida ranar fuskarsa tana sheƙi, kai ka ce shi aka ba shugabancin hukumar zaɓe.

Na ce, "Sakatare, yanzu ku manyan injiniyoyi da likitoci, duk karatun nan naku, a kan ƙullin daddawar tsohuwa zai ƙare?"

Ya ce, "Ba maganar daddawa ba ce, maganar ƙa'ida ce. Ba daidai ba ne abin da kowa ke buƙata ya zama a hannun mutum ɗaya."

Na ce, "Wutar lantarkin garinmu a hannun wa take?"

Ya ce wannan daban. Na ce ruwan famfo fa? Ya ce in daina kawo siyasa cikin magana. Ni ce ma mai kawo siyasa! Washegari na yi masa miyar kuka da dunƙule zalla, ba daddawa ko ƙwaya, na ce ya fara sabawa da girkin tarayya. Ya ci, amma na ga yadda yake juya lomar a baki.

Kamfe ya kankama a gurup ɗin waya. 'Yan Thumama suna bayan Dakta, don su ne masu nisa, su ne kuma matansu ke ɓacewa yini guda. Mu 'yan Matar Ƙadim bakinmu biyu, a gaban Hajiya wata magana, a bayanta wata. 'Yan Bin Omran kuwa, yawancinsu ma'aikatan jinya da masu gyaran na'urori daga Filato da kudancin Kaduna, suna da nasu ɗan cinikin acca da manja a tsakaninsu, suka ga in wuta ta ci gemun ɗan'uwa gara su shafa wa nasu ruwa. Mai magana da yawunsu Sista ce, ma'aikaciyar jinya da muke asibiti ɗaya, mace mai baki kamar reza, wadda ke kiran Hajiya Mama kuma ta fi kowa shan faɗanta. Ita ce ta rubuta a gurup cewa, "Yau daddawa, gobe acca, jibi su ce a kawo musu tukunya." Dakta ya goge saƙon ya ce ya saɓa wa ladabi. Kafin ya goge kowa ya riga ya adana shi.

Hajiya ba ta cikin gurup, amma ba abin da ba ta ji ba, domin duk wadda ta je sayen daddawa sai ta biya da labari. Na yi zaton za ta sassauta, ta rage zaman, ta ƙara girman ƙulli don ta sayi zukata. Ina! Sai ma ta ƙara da tambaya. In kin zauna sai ta ce, "Ke kuma a ina kika tsaya?" Kowa ta ce, "Haba Hajiya, ai kin sani." Ita kuma ta gyaɗa kai ta ɗauko leda.

Aka sa ranar ƙuri'a wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin zafi ya fara sauƙi. Maigidana ya buga tambayar a saman takarda, doguwa mai rassa kamar bishiyar kuka, ikon ciniki da karɓe haja duk a jimla ɗaya, don Dakta ya ce kada a raba su a rikita mutane. A ƙasa aka bar fili, aka ce kowa ya rubuta E ko A'a da hannunsa. Akwatin zaɓe kwalin dabino ne da aka huda. Maza suka zauna a ɓangare ɗaya na majalisar, mata a ɗaya, aka fara addu'a.

Ana shafawa sai ga Hajiya. Ta sha leshi da gyale mai nauyi, Alhaji yana biye da ita da kular abinci a kowane hannu, direbobi biyu suna shigo da sauran. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, ta ji daddawa da man shanu da naman rago. Ana buɗe kular farko ƙamshin ya bugi majalisar, na ga wani babban malamin jami'a ya lumshe ido yana haɗiyar yawu. Mutanen nan wata da watanni suna cin shinkafar Larabawa da miyar da aka yi wa awon daddawa da farce.

Dakta ya miƙe ya ce, "Hajiya, da girmamawa, wannan a dokar zaɓe sayen ƙuri'a ne."

Ta ce, "Sadakar Juma'a ce, Dakta. Wanda yake tsoron kada a saye shi sai ya kame bakinsa."

Ba wanda ya kame. Dakta da kansa malmala biyu ya tashi da su, ina kallonsa, har ya nemi ƙarin miya da sunan yana duba ingancin kayan da ƙungiya za ta gada. Sai da aka sauke kwanuka aka wanke hannu aka raba takardu. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Kwalin dabinon kuma, ko da gangan ko da rashin tunani, an ɗora shi a kan ɗan teburin da ke tsakanin kujerar Dakta da ta Hajiya. Duk mai jefawa sai ya ratsa ta gabansu, wannan likitan da ke duba masa iyali ya kuma sa masa baki a wurin aiki, waccan kuma yanzu ya gama suɗe miyarta daga yatsa. Mu ba mu da yawa, kowa ya san rubutun kowa. Na ga manyan mutane riƙe da biro suna zufa a ƙarƙashin na'urar sanyi.

Ni dai A'a na rubuta, da manyan baƙaƙe. Ba zan ce don tsantsar ƙaunar Hajiya ba ne. Rabi don ita, rabi don in ga fuskar matar Dakta.

Maigidana ya zazzage kwalin a kan tire, ya gyara tabarau, ya ɗauki takardar farko. Ya dube ta, ya juya bayanta, ya sake dubawa. Dakta ya ce, "Karanta mana, Sakatare." Ya ce, "An rubuta, To." Aka yi dariya, aka ce a ware ta, ta lalace. Ya ɗauki ta biyu. "To." Ta uku E ce, Dakta ya gyara zama. Ta huɗu, "To fa." Daga nan sai abin ya ɓarke. To, to, to, wani ya rubuta tasa da wasali har uku, wani ya ƙara da Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Kowa ya zaci shi kaɗai ne ya yi wannan dabara, ya ɓoye a bayan jama'a, ashe jama'ar duk a bayansa suke ɓoye. Da aka gama, E 'yan kaɗan ne, A'a ba su ma kai su ba, tulin To kuwa ya cika tire har yana zubowa. A kowane reshe To ce ta lashe zaɓe.

Nan aka shiga abin da mazanmu suka fi iyawa. Dakta ya ce magana ta ƙare, To amincewa ce. In mahaifinka ya ba ka umarni ka ce to, me ka ce? Ka yarda ke nan. Sista ta miƙe tun bai rufe baki ba, ta ce, "Dakta, sau nawa kana ce mini in yi abu a wod ɗin majinyata na ce maka to? Ka taɓa komawa ka duba ko na yi?" Majalisa ta kwashe da dariya, har da matarsa. Malamin jami'ar nan ya ce a bi a hankali, to iri-iri ce: akwai ta na ji na yarda, akwai ta na ji dai, akwai ta mu gani a ƙasa, akwai ta kai ka sani, kuma bambancinsu a murya yake, biro ba ya ɗaukar murya. Wani ya kawo shawara kowa ya tashi ya faɗi tasa da baki a ji irin sautin. Ba wanda ya motsa. Maigidana yana ta buɗe tsarin mulki yana rufewa, babu To a ciki ko ɗaya.

Ni dariya nake har da hawaye, ina dukan cinyar Sista. Na ɗauka mun yi nasara, an yi ba a yi ba, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ban lura Hajiya ba ta dariya ba sai da ta yi gyaran murya.

Ta ce, "Dakta, ku daina wahalar da kanku. Ni na san wannan to ɗin. Ita ce ake ce mini in na raka mutum ƙofa na ce ya dawo gobe mu yi hira, ba sai ya sayi komai ba."

Ta gyara gyalenta, ta dubi ɓangarenmu na mata, ba da fushi ba, da ma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Gobe a aiko mota a kwashe. Alhaji, tashi mu tafi." Alhaji ya tashi da sauri yana neman takalmi. Daga baya maigidana ya gaya mini, bayan na matsa masa, cewa To mai wasali uku ɗin nan rubutun Alhaji ne.

Haka daddawa ta koma hannun hukuma. Aka jibge kayan a ɗakin ajiyar da ke jikin garejin Dakta, aka naɗa kwamitin rumbu, kwamitin ya naɗa ƙaramin kwamiti. Makon farko abin gwanin sha'awa, ka aika saƙo a kawo maka har gida, ba zama, ba tambayar lafiyar kaka. Mako na biyu ma'aji ya tafi aiki cikin teku da makullin a aljihunsa. Da ya dawo aka buɗe, aka tarar an kashe na'urar sanyi don tattalin wuta, man shanu ya narke ya bi ta cikin buhun kuka, daddawa kuma ta yi abin da daddawa ke yi in an kulle ta a zafin Doha. Warin ya shiga labule, ya shiga motar Dakta, ya tsallaka katanga. Maƙwabcinsu Balarabe ya zo cikin ladabi ya tambaya ko wata dabba ce ta mutu a gidan. Masu zuwa hutu kuwa, da aka nemi kason akwatinsu, kowa ya ce to. Aka koma sai an yi mitin kafin a ba ka ƙulli, kuma ƙullin bai kai na Hajiya ba.

Duk wannan ya ba ni abin tsokanar maigida na wata guda, ban kuma yi masa ragi ba. Amma in na biya gidan Hajiya sai dariyar ta tsaya mini a wuya. Falon nan da ba a samun wurin sa ƙafa ya zama fili. Takan yi kwalliyarta tun azahar kamar kullum, ta zauna, ta ce mini ai ta huta, da ma mutane sun ishe ta da surutu. Ana taɓa ƙofar maƙwabta sai ta ɗaga kai. Sista takan zo in ba ta da aiki, ni ma haka, amma mu biyu ba ma cika falo. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushin mutanenmu, masu cin tuwon mutum su kasa rubuta masa baƙi uku na A'a.

Wata la'asar ina zaune ina ba ta labarin Balaraben da ya zo ta'aziyyar dabba, ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Sai ta miƙe ta ce, "Zo nan, 'yar nan." Ta ja ni har uwar ɗaka, ta ɗage zanen gado. Robobi ne jere a ƙarƙashi, manya, kowace da murfi a ɗaure. Ta buɗe ɗaya, ƙamshin daddawar kalwa mai kyau ya daki hancina, irin wadda ko a da ba ta fito da ita sai ga wanda ta ga dama.

Na ce, "Hajiya! Ba kin ce a kwashe duka ba?"

Ta ce, "Na ce a kwashe. Kin ji na ce duka? Wa ya taɓa ba gwamnati duka?"

Ta ƙulla mini ɗan mitsitsi kamar yadda ta saba, ta danƙa mini a hannu, ta riƙe hannun. Ta ce, "Kada ki gaya wa kowa." Ta daɗe tana kallona. Duk Matar Ƙadim an san ni, magana ba ta kwana a cikina, ita ma ta sha yi mini gori a kai. Da asiri take so ya rufu, da bango ta gaya wa.

Kafin in kai gida na kira Sista na ce kada ta gaya wa kowa. Sista ta gaya wa Bin Omran kada su gaya wa kowa. Cikin 'yan kwanaki aka buɗe kasuwar bayan fage a Matar Ƙadim. Mata suka riƙa ajiye mota a bayan layi, su shigo suna waige-waige, su tarar da waɗanda suke ɓoye wa a zaune a falo. Kowa ta ce gaisuwa ta zo. Hajiya ta karɓi gaisuwar, ta ninka zaman, domin yanzu kaya na haram ne, sai an jira hanya ta yi tsit. A gidana miya ta dawo hayyacinta. Sakataren ƙungiya ya ci, ya ƙara, ya suɗe hannu, bai taɓa tambayar daga ina ba, ni kuma ban ɗora masa nauyin sani ba.

Ranar da na fi jin daɗi ita ce ranar da wata mata ta shigo da niƙabi, ta zauna a lungu, ta yi gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Maraba, maraba. Ya Dakta? Ya warin gareji?" Ta sa ta cire niƙabin ta sha iska, ta tambaye ta lafiyar danginta ɗaya bayan ɗaya har na ƙauye, ta sallami kowa kafin ita. Matar Dakta ba ta bar gidan nan ba sai da aka kira magariba, da ɗan ƙullinta a cikin jaka mai tsada. Mako na zagayowa ta dawo, ba niƙabi.

Rumbun ƙungiya ba a taɓa rushe shi ba. Har muka taso yana nan a rubuce, da kwamitinsa, ana karanta rahotonsa a taron shekara, ana tafi.

Wani yammaci na shiga kicin ɗin Hajiya ina taya ta haɗa shayi, falo ya cika maƙil, hayaniya har waje. Na ji ana yi mata kirari daga can, ana cewa Hajiya uwar marayu, ba mu da kamarki. Raina ya ɓaci, domin na gane muryar, kuma na san abin da mai muryar ta rubuta a takarda. Na kasa haƙuri, na ce, "Hajiya, kin dai san ba don ke suke zuwa ba. Don abin da ke ƙarƙashin gado ne."

Ba ta ɗago ba, tana ta zuba sukari. Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Tun kafin ku yi ƙuri'arku na sani." Ta rufe butar, ta saurari hayaniyar falon na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "Amma kin ji gidan? Ɗauko mini sauran kofunan can sama, waɗannan ba za su isa ba."